Gwankin da Yaya Ya Gani

Idon Yaya daga gefe ya fara mutuwa. Ɗan tsakiya ne ya rage masa, kamar mai leƙe ta ramin zana. Likita a Kano ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Da muka dawo Karaye bai yi zancen magani ba. Cewa ya yi yana so ya ga gwanki.

Na ce, "Gwanki kuma, Yaya?"

Ya ce, "Tun da sauran abin ganin."

Da kiwo muka tashi mu biyu. Idan rani ya yi, daga Rogo Ruma muke kora shanu kudu har dajin Falgore. A can muka san gwanki, dogo kamar doki, ƙahonsa a lanƙwashe baya. A can kuma ɓarayi suka raba ni da garke bayan mun girma, suka bar mini harsashi a cinya. Ban sake taka dajin ba, na koma noman gyaɗa. Yaya ne ya goyo ni ya fito da ni ranar, saboda haka ban yi masa gardama ba.

Da bazara muka je. A bakin dajin aka haɗa mu da wani ma'aikacin gandun daji, siriri mai koren kaya. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, dabba ta yi ƙaranci yanzu. Sai an yi sa'a, sai kuma an yi shiru." Ya ce akwai wani rafi da bai ƙafe ba, can suke shan ruwa.

Muka kama hanya, shi a gaba, Yaya dafe da kafaɗata. Duwatsun suna nan inda na bar su. Bishiyar doka ta fitar da sabon ganye, ja kamar an shafa mata manja. Wasu gwaggon biri suna zaune a kan falalen dutse suna kallonmu, ba su ko gyara zama ba.

Makiyayi ba ya shiga daji shiru. Yana tafe yana gyaran murya, yana buga sanda a jikin itace, don kura ko maciji su kauce kafin shanu su iso. Wanda ya shigo shiru a wurinmu, ko maharbi ne ko ɓarawo. Abin yana hannuna, ba sai na yi tunani ba. Muna dosar duhuwar da ke bakin rafin, na ɗaga sanda na maka wa wani itacen maje, na kuma yi kiran da nake yi wa shanu.

Sai ƙarar kofato. Na hango bayan gwanki biyu suna haye gangare, shi ke nan. Yaya bai ma juya inda suke ba.

Ma'aikacin ya tsaya ya riƙe ƙugu. Yaya ya ce, "Su ne?"

Na ce, "Su ne."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka tsare shanu."

"Waɗanne shanu?"

"Abin da nake son ji daga gare ka ke nan."

Ma'aikacin ya ce, "Baba, ko za ka ba ni aron sandar nan?" Na miƙa masa. Ya ce watakila su dawo idan rana ta yi sanyi, watakila kuma sai wani zuwan. Duk mun san Yaya ba shi da wani zuwan.

Muka hau wani dutse da ke kallon rafin, inda iska ke busowa daga wajen ruwa zuwa gare mu. A nan muka yi azahar, muka zauna a inuwar kanya. Daga can ana ganin tsaunuka jere, na nesa sun yi shuɗi. Na yi shekaru ina ratsa wurin, ban taɓa zama na kalle shi ba. Idona kullum yana kan ƙafar saniya.

Zaman ya yi mini wuya. Ranar da aka harbe ni ma haka dajin ya yi tsit. Gumi ya jiƙa mini baya, tari ya taso. Na cusa bakin rawanina a baki na cije. Yaya ya laluba ya dafa gwiwata, bai ɗauke hannun ba.

Zabin daji ne suka fara zuwa, sai gada. Bayan la'asar ma'aikacin ya taɓa ni ya nuna da haɓa. Gwanki ɗaya ne, namiji, ya fito daga ciyawa yana kaɗa kunne. Ya daɗe a tsaye kafin ya sunkuya.

Yaya yana kallon wani wuri daban. Ba halin magana. Na kama kansa da hannu biyu, na juya shi a hankali, na ɗan sunkuyar. Na wuce wurin, na dawo da shi. Sai na ji wuyansa ya ƙage, ya daina bin hannuna.

Haka na riƙe shi har dabbar ta gama sha. Ta ɗaga kai, ruwa na zuba daga bakinta, ta juya ta shige ba gaggawa.

Na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Fuskar na gani, da baƙin da farin. Sai ƙaho ɗaya."

"Biyu ne."

"Na yarda da kai."

Ma'aikacin ya ce mu sauka kafin rana ta faɗi. Yaya ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya ce in juya shi wajen tsaunukan nan ma, tunda hannuna yana kusa. Na juya shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idon ya rufe bayan mun cire gyaɗa. Bai sake cewa a kai shi ko'ina ba.