Kujerar Tsakiya ta Kusum Bua

A unguwarsu a birnin Kanfur na Indiya, babu yarinyar da aka yi wa baiko da za ta shiga silima da saurayinta sai Kusum na zaune a tsakaninsu. Bua kowa ke kiranta, wato goggo. Iyaye sun yarda da ita, don shekara da shekaru tana cikin farin sari tun rasuwar mijinta, kuma an san ta tsani finafinan zamani. A zamaninta, in ji ta, masoya zagaye bishiya suke yi, in abin ya yi tsanani a nuna furanni biyu sun haɗa kai. Yanzu kuwa kafin hutun tsakiyar fim yarinya ta so uku ta rabu da biyu, duk ta waya, uwarta na tafa mata.

Amma duk Juma'a ita ke fara shiryawa, har da ɗan turare a bayan kunne.

Dalilin yana bakin ƙofa riƙe da tocila. Bansi Lal sunansa, mai nuna wa mutane kujera, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, yake kuma rina gashin bakinsa da lalle. Da an kunna fitilun hutu sai Bua ta kora masoyan zuwa layin sayen samosa, shi kuma ya kawo mata shayi a kofin ƙasa, su haɗu su yi wa fim ɗin tatas. Ban da zagin fim bai taɓa ce mata komai ba. Wannan ɗin ke riƙe ta har wata Juma'ar.

Sai ga shi 'yan matan unguwa sun ƙare, saura Gunjan, 'yar ƙaninta. Duk ranar da aka kai Gunjan ɗakinta, silima za ta haramta ga Bua, don mai farin sari ba ta shiga ita kaɗai, bakin unguwa zai cinye ta. Nan ta fara gano aibu. Ta ce angon, Pratik, yana tauna da ƙara, a ƙara lura da shi. Ta kai wa pandit, mai duba taurari ya tsayar da ranar aure, kwalin alawar laddu, sai ya ce taurari sun hargitse sai bayan damina. Bayan damina suka sake hargitsewa.

Wata Juma'a aka nuna fim ɗin wata kaka da jikokinta suka haɗa ta da tsohon maƙwabcinta. Bua ta yi ta tsaki. Da hutu Bansi Lal ya miƙa shayi, idonsa a ƙasa, ya ce shi dai wannan bai ga laifinsa sosai ba. Bua ta ƙware. Gunjan, da ta bar Pratik a layi ta laɓe bayan labule, ta ga komai.

Ta bari sai da suka rabu da Pratik, suna tafe a ƙafa.

"Bua, ashe fim ɗinki kike yi, mu ne 'yan rakiya."

"Rufe min baki, marar kunya. Tarbiyyar finafinan nan ke nan."

Gunjan ta ce ita ba za ta gaya wa babanta ba, amma tana son aurenta kafin ta yi furfura. Ta ƙara da cewa Pratik na da ƙanne mata huɗu, ko ɗaya ba a yi wa baiko ba, uwarsu kuma gwiwa ta hana ta hawa matakalar silima, tana cigiyar dattijuwa mai amana.

Bua ta daɗe tana kallon titi. Can ta tambayi shekarun babbar.

Washegari pandit ya sami wani kwalin laddu, taurari suka miƙe sumul. Ranar biki, ana tsakiyar kiɗa, Bua ta ja uwar Pratik gefe ta riƙe mata hannu.

"Kada ki yi gaggawa da yaran nan, 'yar'uwa. Ɗaya bayan ɗaya. Samarin yanzu sai an daɗe ana lura da su."