Sukarin da Na Riƙa Kai wa Baba

Mahaifina dillalin dabbobi ne a kasuwar Belbeji. Tun ina ƙarami na san shi da buɗe bakin rago ko na raƙumi, ya leƙa sau ɗaya ya faɗi shekarunsa, kuma ba mai yi masa musu. Buzaye da Fulani idan sun shigo da bisashe daga daji, a rumfarsa suke sauka. A wannan sana'a ba a taɓa maganar ciniki sai an ɗora shayi. A sha na fari, a sha na biyu, a sha na uku, kowanne da sukarin da sai ya yi danƙo a leɓe. Waɗannan su tashi, wasu su zauna, a sake hura gawayi. Haka Baba yake wuni. Asuwaki ba ya rabuwa da aljihunsa, amma sai wajen alwala yake tunawa da shi, shi ma a gurguje.

Da na gama karatu aka tura ni koyarwa a wata lakkol a Tanut. Duk hutun da zan je gida tsarabata ɗaya ce, ganyen shayi da kwalayen sukari. Ina son yadda yake karɓa da hannu biyu, ya ɗaga wa abokansa ya ce, "Kun gani? Mushe ya zo." Haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu. Ni kuwa a aji ina zana haƙori a allo, ina gaya wa yara cewa zaƙi idan ya daɗe a baki shi ke huda shi. Na sani sarai, amma ban taɓa faɗa wa Baba ba. Na riƙa ce wa kaina ba ladabi ba ne ɗa ya koya wa ubansa wanke baki. Gaskiyar ita ce yabon nan na cikin rumfa nake so.

Inna ce ta fara lura. Wani zuwa da na yi, ta ja ni gefe kusa da murhu ta ce, "Babanka fa ba ya iya nama. Jiya tsire aka aiko masa, ya raba wa yara. Gefe ɗaya yake tauna, ga kanumfari kullum a kumatu."

Na same shi a zaure na tambaye shi. Ya ce tsutsa ce ta shiga masa haƙorin turmi ɗaya, za ta fita.

Na ce, "Baba, mu je Damagaram a duba."

Ya ce, "In bar kasuwa saboda haƙori, ana gab da Layya? Wa zai tsaya wa baƙina?"

Na ce to, ina gama jarrabawar yara zan dawo mu tafi. Jarrabawa ta wuce. Sai bikin wani abokin aikina a Gangara, sai damina ta faɗi, na ce bari hanya ta yi kyau. Ban zo ba.

Da ciwon ya hana shi sakat, sai ya kai kansa wurin wani wanzami mai bin kasuwanni. Mutumin ya sa awartaki ya ja. Haƙorin ya riga ya ruɓe, ya marmashe, saiwar ta rage a ciki. Ya ba shi wani gari ya ce ya cusa a ramin, ya naɗe tabarmarsa ya wuce kasuwa ta gaba. Kwana uku bayan haka ƙanwata ta kira ni tana kuka. Da na iso ban gane fuskar Baba ba. Kuncinsa na hagu ya kumbura har ya rufe ido, zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin kuma yana wani wari da na ji kunyar nuna na ji.

A bayan mota na rungumo shi har Damagaram, duk ramin da taya ta faɗa sai ya yi nishi. A asibiti aka tsaga, aka matse mugunya, aka yi ta allurai. Da kumburin ya sace, likita ya buɗe bakin da kyau ya ce kusan duk turamen sun tafi, na gaba ma sun ci rabi. Ya juyo ya ce da ni, "Wannan ba ciwon wata ɗaya ba ne. Ba wanda ya kula a gidan?" Ɗaya bayan ɗaya aka cire haƙoran, aka bar masa 'yan kaɗan a ƙasa.

Ya warke, amma muƙamuƙinsa bai koma buɗewa sosai ba, maganarsa kuma ta zama da iska a ciki. Dillanci kuwa baki ne. Ya koma kasuwa, ya riƙa jan rawani yana rufe baki, abokan wasa suna cewa ya zama Buzu. Wannan ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne ranar da wani matashin mai saye ya sa shi maimaita magana sau uku, sannan ya yi dariya ya ce a nemo masa wanda ake jin abin da yake faɗa. Daga ranar Baba bai sake taka kasuwar ba.

Hutun da ya biyo baya na zo masa da madarar gari da yadi da sabulu. Ya zazzage jakar a gabansa, ya duba, ya sake dubawa.

Ya ce, "Ina sukarin?"

Na ce, "Baba, likita ya hana."

Ya ajiye jakar. Sannan ya ce, "Lokacin da nake da haƙora ba ka hana ni ba. Sai yanzu da ba abin da ya rage ya lalace?" Ya tura kayan da ƙafa. "Kai wa uwarka."

Shekara biyu ya ƙara a duniya, a kan kunu da fura. Inna takan daka masa nama a turmi, amma ba ya ci a gaban mutane, sai ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Idan na zo muna gaisawa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, shi ke nan.

Zuwana na ƙarshe, da safe zan koma Tanut, na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce me na yi masa. Ban ambaci sukarin ba, ban ambaci zuwan da ban yi ba. Ya jira kaɗan, sannan ya ce in tashi kada mota ta cika ta bar ni. Na tashi na tafi. Bayan wata biyu, ina tsakiyar darasi, ƙanwata ta kira ta ce in zo, an yi rasuwa.