Igiyar Sauke Dabino a Bahar Maliya

Akwai wata tsohuwar igiya a rataye bayan ƙofar ɗakina, wadda maiɗakina ta yi yunƙurin zubarwa har sau biyu ina hana ta. Kakana ne ya tufka ta da zaren jikin dabino, da ita yake sauke nonon dabino daga sama a gonar da yake wa aiki a Awali, gefen Madina. Duk ranar da aka yi yayyafi a Madina ta sha damshi, sai ta riƙa fitar da warin gishiri. Ni kuwa da na shaƙi warin nan, sai tsoron wata rana ya dawo mini, duk da furfurar da ke kaina.

Bari in fara gaya maka irin iyon da muka iya. A tsakiyar gonar akwai birka, wato babban kwarmin siminti da inji ke cika wa da ruwan rijiya kafin a sake shi zuwa gindin itatuwa. A nan duk yaran gidanmu suka koyi iyo, har da manyanmu. Hannu goma za ka jefa ka taɓa bango, ka huta, ka juyo. Da wannan muke cika baki cewa mu kifaye ne, kuma babu wanda ya kai kawuna, ƙanen mahaifiyata, cika bakin.

Sabon ƙarni na Hijira bai daɗe da kamawa ba kawu ya sami aikin tuƙi a Yanbu, inda ake ta gine-gine a bakin teku. Baturen da yake tuƙawa yana da wani abin wasan ruwa: allo ne fari, dogo, ya fi ƙyauren ɗaki tsawo, da sanda a tsaye a tsakiyarsa, da ƙyalle ja da rawaya wanda Larabawa ke kira shira'i. Mutum zai tsaya a kai ya riƙe, iska ta tura shi. Da Baturen zai tafi hutu ƙasarsu, sai ya bar wa kawu ajiyarsa. A gindin sandar akwai wata baƙar roba da ke haɗa ta da allon, kuma ta riga ta tsage. Kawu ya yi mata irin gyaran da muke wa injin gona: ya yanko guntun tiyo ya zura, ya naɗe da waya, ya girgiza ya ce ta fi sabuwa.

A hutun bazara ya zo da a-kori-kura ya kwashe mu, ni da mahaifiyata da ƙannena da kakata. Shekaruna goma sha ɗaya. Kakata ba ta so zuwa ba, rashin mai zama da ita a gida ne ya sa ta shiga motar. Mun san tana ƙarama ta ƙetaro tekun nan daga Sawakin a jirgin katako tare da iyayenta, amma ba ta taɓa ba mu labarin ba. Da muka isa bakin ruwa da hantsi, ta shimfiɗa tabarma a inuwar mota, ta juya wa teku baya.

Kawu ya ce zai ɗauke ni a gaban allon mu ɗan zaga. Ina murna har ina tsalle, sai kakata ta kira ni. Ta kwance igiyar nan daga kayan da muka ɗaure a bayan mota, ta ƙulla bakinta a ƙuguna, ta naɗe sauran a cikina zagaye bayan zagaye.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Inna, wallahi bahar ɗin nan yau kamar birka yake. Tunkiya za mu kai kasuwa?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Ya waladi, ɗana, in ka cire masa ita, ba da yawuna kuka shiga ba."

Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Ruwan kore ne shar, ina hango yashi a ƙasa da ƙananan kifaye. Iska daga tudu take busowa, tana tura mu ciki ba wahala, mu kuwa mutanen gona ba mu san cewa wannan ita ce iskar da masunta ke tsoro ba. Ban ankara ba sai na ga ruwan ya koma shuɗi mai duhu, babu ƙasa. Na waiga, motarmu ta zama ɗan ɗigon fari. Na ce wa kawu mu koma. Ya ce to, ya karkata sandar zai juya, sai na ji wani ƙas a bayana.

Tiyon ne ya tsinke. Sanda da shira'i da kawu duk suka faɗa ruwa tare. Allon kuwa da ya rabu da nauyinsu, sai iska ta fara jan sa da ni a kai. Na kwanta rub da ciki na rungume shi. Kawu ya ɗago kai yana tari, hannunsa ɗaya riƙe da sandar, yana iyo da ɗayan, yana ƙoƙarin janyo kayan Baturen zuwa wurina. Amana ce, kuma aikinsa a kanta yake rataye, na san abin da ke ransa ke nan. Amma duk jefa hannun da zai yi, tazarar da ke tsakaninmu ƙaruwa take.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba. Da ƙyar na iya cewa, "Kawu, kada ka bar ni."

Na ga ya dubi ƙyallen, ya dube ni, sannan ya saki. Ya taho da dukkan ƙarfinsa. Na ƙirga hannuwansa ba da niyya ba, don haka muka saba a birka. Goma, sha biyar, ashirin. Daga nan ya fara neman bangon da babu shi. Kansa yana nutsewa yana fitowa, bakinsa a buɗe, kuma har yanzu da sauran tazara.

Sai a lokacin na tuna da abin da ke naɗe a cikina. Na yi maza na warware ta. Jifar farko iska ta dawo mini da ita. Ta biyu ta faɗi gefe. A ta uku na ga yatsunsa sun damƙe bakinta, sai ƙullin da ke ƙuguna ya shaƙe ni kamar zai raba ni biyu. Na cusa hannu cikin wani rami da ke tsakiyar allon na riƙe, ina kuka, shi kuma yana bin igiyar kaɗan kaɗan har ya ɗora ƙirjinsa a bayan allon. Ya daɗe yana amayar da ruwa. Ja da rawayan nan kuwa muna kallo suka yi ƙasa har suka ɓace.

Ya ɗaure ni da allon, ya ɗaure nasa hannun da sauran igiyar. Muka yi ta tuƙi da tafin hannu, tudu bai matso ba. Rana ta take, gishiri ya tsattsaga mana leɓe. Na janye ƙafafuna daga ruwan don ina jin kamar wani abu na kallonsu daga ƙasa. Kawu, mai surutun gidanmu, salati kawai yake ta yi. Sau ɗaya kawai ya ce, "Khalas, shi ke nan, in na gaji na saki, kai dai kada ka sauka daga allon nan." Wannan maganar ta fi zurfin ruwan firgita ni.

Bayan azahar iska ta kwanta, can kuma ta taso daga teku, ta fara tura mu inda muka fito. Ba dabararmu ba ce, Allah ne ya juya ta. Ana gab da la'asar ruwan ya sake zama kore. Na hango mahaifiyata tana gudu a kan yashi da ƙannena a baya. Amma wadda ta fara isowa gare mu ba a kan yashi take ba. Kakata ce, tsaye a cikin teku, ruwa har ƙirjinta, abayarta na yawo a kewayenta. Matar da ko kallon ruwan ba ta iya yi. Ba ni ta fara kamawa ba, igiyar ta kama, ta bi ta da hannu har ta iso ƙuguna.

Kawu ya faɗa wa Baturen gaskiya da ya dawo, kuma kafin lokacin girbin dabino ya koma gona da aiki. Bai sake shiga ko birka ba har ya rasu.

A hanyar komawa Madina ne, ina kwance a cinyarta, kakata ta yi maganar sau ɗaya tak. Ta ce ranar da suka ƙetaro daga Sawakin, igiyar ruwa ta bugi jirginsu, wanta ya zame daga gefe. Tana ganin hannunsa a sama, kusa ƙwarai, kuma duk jirgin aka rasa abin da za a jefa masa kafin ruwa ya rufe shi.

Yau gonar nan ta zama gidaje, an cike birkar da ƙasa. Jikokina a wurin wanka na zamani suke koyon iyo, da malami da rigar da ke hana nutsewa, kuma in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. Suna tambayata amfanin wannan tsohuwar igiya, in ce ta sauke dabino ce. Amma duk sanda za mu Yanbu, ni nake saka ta a bayan mota da hannuna. Sai da na girma na tambayi mahaifiyata shekarun wan kakata ranar da ya faɗa ruwa. Ta ce goma sha ɗaya.