Salatif a Wuyan Jimina

Ranar Asabar ɗin da ta wuce yarana suka tsare ni a falo, sai na kalli wani sabon katun tare da su. Babbar tana gefe tana liƙe littafinta da ya yage. Ta ja salatif, ya yi ƙiiii. Katun a gabana, ƙarar salatif a kunnena, nan take raina ya ɓaci, har ƙaramin ya tambaye ni ko laifi suka yi.

Bari in fara gaya muku ra'ayina a kan fim ɗin, tunda kowa yabonsa yake. Labarin wani ɗan raƙumi ne da ya ɓata a birni. Zane kam an zana, gashin idonsa ma kana ganinsa ɗaya-ɗaya. Amma surutu, kai! Wannan ya yi magana, wancan ya karɓe, kafin ka numfasa an ɓarke da waƙa. In raƙumin zai yi kuka sai ya sanar da kai kuka zai yi, ya kawo maka dalili. Ba su bar wa mai kallo gurbin da zai sa baki ba ko kaɗan. Waɗanda muka kalla kafin shi ma duk haka suke. Yara sun saki baki, shiru, ko juna ba sa kallo. Mu ba haka muka yi kallo ba.

A Nassarawa GRA na tashi, a irin gidajen nan masu doguwar katanga da bishiyoyin mangwaro, inda sai ka shekara ba ka ga fuskar maƙwabcinka ba. Bayan rasuwar kakanmu, Baba ya je ƙauyenmu a Jigawa ya ɗauko mahaifiyarsa, wai ta zo birni ta huta. Hutun me? Matar da ta saba da sallamar mata tun hantsi, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo kawo ƙara, aka ajiye ta a ɗaki mai fanka, ba mai shiga ba mai fita. Baba yana ofis, Mama tana asibitin da take aiki, mu muna makaranta. Yini take tana jan carbi tana sauraren kukan kurciya. Sau nawa ta ce ita dai a mayar da ita gida.

Abin da ya zaunar da ita, in na faɗa za ku yi dariya: katun.

Akwai tsohon talabijin da bidiyo a falon ciki. In mun dawo daga Islamiyya bayan la'asar, ni da ƙanena mu saka kaset, Kaka ta shimfiɗa tabarmarta da ɗan ƙoƙon goronta. Lokacin bazara da mangwaro a hannunmu, ruwansa har gwiwar hannu. Wanda muka fi so na wata jimina ce da wani ƙaton kada. Ba su cika magana ba, ɗan abin da suke faɗa kuma da Turanci ne, Kaka ko "zo" ba ta sani ba. Sai ta saka musu tata maganar. Shi kadan ya zama dagaci, jimina ta zama dillaliya. Yau rigimar iyakar gona suke, gobe kuma a kaset ɗin nan dai, dillaliya ta sayar wa dagaci tukunya mai yoyo. Ta maƙale murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba yoyo take ba, gumi take!" Mu faɗi ƙasa muna riƙe ciki. In ƙanena ya ce ba haka suka ce ba, sai ta harare shi ta ce, "Maigidana, kai ka zauna da su ko ni?"

Daga nan ba mu ƙara jin zancen komawa gida ba.

Sai aka shiga shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, ga siyasa ta dawo da zafinta. Kada ku fahimce ni a baibai, mun yi murna kamar kowa, Kaka har kuka ta yi don daɗi. Fushina da mutum ɗaya ne, ƙanen Baba, Baffanmu, autan Kaka. Mutumin da muka sani da kallon ƙwallo da finafinan harbe-harbe, dare ɗaya ya ɗage wando ya fara takarar kansila. Kullum yana gidanmu da 'yan rakiyarsa, don falon Baba ya fi nasa girma.

Wata rana ya leƙo ya same mu muna dariya. Ya ce zanen abu mai rai haramun ne. To, a makaranta mun san dabarar da ake yi: in ka zana mutum ko dabba, sai ka ja layi a wuyansa, wai ka yanka shi, ya tashi daga mai rai. Baffa ya aika aka sayo baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Ya durƙusa gaban talabijin, ya ja, ƙiiii, ya manna shi daga wannan gefe zuwa wancan, daidai wuyan jimina. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu kamar wanda ya gama aikin hajji.

Don Allah ku ji fa! Abin da yake motsi. Jimina ta sunkuya, salatif ya koma bayanta. In kadan ya shigo, salatif ya raba shi ta ciki. Kaka ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Ikon Allah. An yanka dillaliya ga ta tana gudu." Muka ci gaba da kallonmu a haka, da baƙin layi a tsakiya, ta kuma saka shi a cikin labarin, wai igiyar shanyar matar dagaci ce.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma Baffa ya mayar da abin na nunawa. Ranar wata Juma'a ya shigo da baƙinsa har falon ciki su gai da Kaka, ya nuna musu talabijin yana cewa su gani, shi daga gida ya fara gyara. Kaka ta amsa gaisuwarsu tsaf. Sannan ta ce, "Auta, jiya da aka kai ni asibiti na ga hotonka manne a katangu, tun daga Badawa har ƙofar gidan nan. Na duba da kyau, ban ga wanda ya yanka maka wuya ba."

Wani a cikin baƙin ya kasa riƙe dariya. Baffa ya fita fuu, ko sallama babu.

Ban san me ya gaya wa Baba ba. Na dai san washegari muka dawo muka tarar da teburin talabijin wayam. Aka ce an kai gyara. Gyaran me, abin da yake aiki lafiya lau? Ba wanda ya iya duban tsohuwar nan ya ce mata an hana, sai aka yi mata ƙarya irin wadda ake yi wa yara. Wannan ne yake ci mini rai har yau. Baba mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ya zaɓi fuskar ƙaninsa a gaban 'yan siyasa, ya ɗauka ai wasan yara ne kawai aka ɗauke.

Da farko Kaka takan tambaya, "Ba a gama gyaran ba?" Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarmarta a wurin da ta saba. Muka roƙe ta ta yi mana dagaci da dillaliya haka nan, ta gwada, ta ce ba ya daɗi in ba ta gan su ba. Daga baya ta daina tambaya. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ta ce za ta je ta ga yadda aka yi shuka ta dawo. Ta ɗaure kayanta duka, har ƙoƙon goron. Ni na riƙe mata jaka zuwa mota ina kuka, tana ce mini in bar shirme. Ba ta dawo ba. Kafin wata damina aka aiko mana da rasuwarta.

Baffa bai ci zaɓen ba ma.

Yanzu katun yana cikin kowace waya, ba mai tambayar wuyan kowa. Da ƙaramar sallah na kai yara gaishe shi a Kawaji. Ya tsufa, gemu fari fat. Na same shi a kan kujera, jikoki sun yanyame shi, wayarsa ce a hannunsu, suna kallon wani katun na kifaye, shi ya fi su ƙyaƙyatawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya share hawayen dariya da hannun riga, ya ce, "Kin ga abin nan kuwa? Allah ya ji ƙan Inna, da tana nan da ta ji daɗinsa. Tana son irin waɗannan, kin tuna?"

Na ce, "Na tuna, Baffa." Na tashi na ce wa yara su sa takalmansu.