Na'ima da Janyewar Teku

Ranar ashirin da tara ga azumin 2008, Na'ima ta yi sahur da mu a gidanmu da ke unguwar Longsight. Ita ce 'yata ta fari, shekarunta ashirin da huɗu. Bayan asuba ta koma barci. Da hantsi ta raka mahaifiyarta, Batulu, sayen kaji. Da azahar ta gwada leshin Sallah, ta ce hannun ya matse ta. Da la'asar kamfaninsu ya bugo waya.

Ba ta daɗe da samun aikinta na farko na tuƙin jirgin sama ba. Ƙaramin jirgi ne, da kyamara a cikinsa mai kallon ƙasa. Daga wani fili kusa da Birmingham take tashi, ta bi gaɓar teku ƙasa-ƙasa, layi bayan layi, ana ɗaukar hoton yadda ruwa ke cin tudu. Ba a yin aikin sai teku ta janye sosai, kuma janyewa mafi nisa tana zuwa ne da tsayuwar wata ko cikarsa. Watan da muke jira don Sallah, shi suke jira su ma.

Da ta ajiye wayar ta ce, "Abba, gobe da sassafe ne. Gaɓar Lancashire."

Na ce, "Gobe fa ƙila Sallah ce."

"Teku ba ta zuwa Idi, Abba."

Na ga hasashen yanayi a talabijin da rana. Na tambaye ta zancen hazon da aka ce zai taso daga teku. Ta ce zai washe kafin su isa. Ta ce idan an rasa gobe sai bayan mako biyu, kuma akwai matuƙa da yawa marasa aiki da ke jiran sabuwar shiga ta ce a'a.

Bayan shan ruwa ta ɗauki filonta. Na'ima gajeriya ce, ba ta hango gaban jirgi sosai sai ta zauna a kan wani abu, shi ya sa Batulu ta ɗinka mata filo da ragowar atamfa.

Batulu ta ce, "Kyaftin guda a kan filo. Kada dai su gani su kore ki."

"Sun gani, Umma. Gamaliel ma so yake ki ɗinka masa."

Gamaliel shi ne mai kula da kyamarar. Na'ima ta kama hanyar unguwar Sparkhill a Birmingham, inda take haya. Tana isa aka sanar da ganin wata.

Muna fitowa daga sallar Idi na kunna wayata, na ga kira daga lambar da ban sani ba. Hazon bai washe ba. An ji muryarta ta rediyon jirgin sau ɗaya tana cewa za ta juyo. Daga nan jirgin ya faɗo a kan rairayin da teku ta janye ta bari. Kafin masu ceto su kai wurin, ruwa ya dawo ya rufe rairayin. Ba a same su ba, ita da Gamaliel. Mun yi mata sallah ba tare da gawa ba.

Kayan ɗakinta mun bar wa Kubura, 'yar Ghana da suke haya tare. Littattafan tuƙi na mayar wa makarantar da ta koya. Leshin, Batulu ta buɗe hannun ta ba Rabi'a, ƙanwar Na'ima.

Da wata ya cika teku ta sake janyewa, wani mai yawo da kare ya tsinci filon. 'Yan sanda suka kawo mana a leda. Batulu ba ta wanke shi ba. Yana saman kabad, har yanzu da gishiri a jikinsa.