Zanen da Na Yi wa Mijin Yayata

A lokacin ina budurwa, haifaffiyar unguwar Nombakélé a ƙasar da muke zaman ci-rani, na gama karatun kwamfuta, ina ji da kaina. Mahaifina mutumin Nijar ne, yana sayar da kayan gyaran mota, shagonsa kuwa nan ne mazaunin direbobin taksi 'yan ƙasarmu.

Wata rana mijin yayata ya kawo mini wata dabara ta saye da sayar da kuɗin ƙasashe ta intanet, ya ce in gwada masa. Akwai manhajoji na kyauta da kowa ke iya saukewa. Ka ba su dabararka, su gwada ta a kan farashin shekarun baya, su zana maka layin riba ko asara. Na gwada, layin ya nutse. Ya ce haba ƙanwata, ɗan taɓa mana. Na cire shekarar da ta yi muni, na cire ladan dillali, na yi ta sauya lambobi har layin ya miƙe sama. Na san ha'inci nake yi, amma yabonsa ya yi mini daɗi.

Ashe bugawa ya yi a takarda, yana bin direbobi daga unguwar Glass har ta Alibandeng, yana neman su zuba kuɗi a harkar, yana cewa 'yar Alhaji ce, wato ni, ta tabbatar. Ban sani ba sai ranar da wani dattijo, wanda ya sayar da motarsa ya zuba kuɗin suka narke, ya shimfiɗa takardar a gaban Baba. Bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni kawai ko aikina ne. Na ce e. Baba ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon mutumin.

Da na tari mijin yayata, buɗar bakinsa sai ya ce shi bai iya kwamfuta ba, ni ce mai ilimi! Yayata kuma ta ce in rufa asiri saboda 'ya'yanta. Shi yana yawonsa cikin shadda, dattijon nan kuwa motar wani yake ja, Baba ma ya daina zama a ƙofar shago.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ɗura mata ta amayar. 'Yan'uwa, duk wanda ya nuna muku layin riba, ku tambaye shi me ya cire kafin ya miƙe. Ku kuma masu ilimi, kada ku ara wa macuci hannunku. Da sunan mahaifinku zai ci kasuwa.