Shanun Holan Ma Suna Cin Albasa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Jega a shekarun da aka ba mu jihar Kebbi ya san Barau Gwangwani. Gajere ne mai tumbi, kuma shi kaɗai ne mai shayin da na taɓa gani da doguwar farar hular kuku, tana tsaye a kansa kamar bututun injin niƙa. Bango ɗaya ya raba gidanmu da nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Asalinsa ɗan Birnin Malam ne, da fura da nono aka yaye shi kamar kowa. Yana saurayi ya tafi Sakkwato, ya shekara tara a gidan wani Bature mai haƙar rijiyoyi. Shi dai ya ce kuku ne. Mutanen garinsu da suka taɓa leƙa shi sun ce kullum a bakin famfo suke tarar da shi, hannu cikin kumfa. Da aka yanke sabuwar jiha sai ya tattaro kayansa ya dawo, ya kama haya a Jega, yana jiran a aiko mota daga Birnin Kebbi a ɗauke shi ya je ya dafa wa manya. Motar ba ta zo ba. Da jiran ya ishe shi sai ya kafa teburin shayi da kek a tasha, ya ce na ɗan lokaci ne.

Abin da ya kawo daga gidan Bature, ban da hular, aƙida ce guda: madara ita ce ta gwangwani, sauran duk ƙazanta. A kan teburinsa ya jera gwangwanaye har hawa biyar, ba mai taɓa su sai shi da tsummansa. In Bafillatana ta gifta da ƙwarya sai ya kau da kai yana toshe hanci. In ya ji wani mai shayi yana dama madarar gari, sai ya ce wannan alli ne ake shayar da bayin Allah. Waken suya kuwa, da matan asibiti suka fara koya wa mutane tatsar madararsa a lokacin, cewa yake abincin kaji ne.

Ni ina cikin masu zaman bencinsa, don tun da na bar makaranta a aji uku ban sami wurin da ya fi nan inuwa ba. Wata rana na ce masa, "Baba Barau, wai ita ta gwangwanin, ba daga saniya take hitowa ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Saniya da saniya akwai bambanci, ɗan nan. Wagga ta ƙasar Holan ce. Shanunsu da sabulu aka wanke su."

"Su ma da hula suka kiwo?"

"Tashi min bisa benci."

Ban tashi ba, shi ma bai sake cewa ba, don ni ke karanta masa rubutun jikin gwangwanin in baƙi sun taru.

Sai madarar gwangwani ta yi tsadar da masu shayi suka fara kallonta daga nesa. Kowa ya koma inda ƙarfinsa ya kai, wani gari, wani waken suya, wani ya ce a sha baƙi ya fi lafiya. Barau kaɗai bai canja ba. Gwangwaninsa na hannu yana nan, da hudarsa biyu da 'yar takarda a toshe, yana tsiyaya wa mutane daga sama yana wani karkace kai. Abin da na lura da shi kawai, wata uku ban ga ya huda sabo ba. Gwangwanin nan takardarsa ta koɗe, bakinsa ya fara tsatsa, amma bai taɓa ƙarewa ba, sai ka ce rijiyar da Baturensa ya haƙa.

Asirin yana bayan bangonmu. Kullum da hantsi wata Bafillatana mai suna Hindu takan shigo ta ƙofar baya da madarar da aka tatso da safe. Luba matar Barau ta tace ta, ta ɗora a wuta kaɗan, ta tsaya tana juyawa da ludayi kar ta kama, har ta ƙone rabi ta yi kauri ta ɗan ja launi. In ta huce, maigida ya ɗauko sirinjin da ya samo wurin masu allurar dabbobi, ya zauna a ɗaki yana yi wa gwangwani allura. Da ita ake shayin, da ita Luba ke kwaɓa kek ɗin da ake gasawa a tukunya bisa yashi. Nasa aikin shi ne ya sa hula ya ɗauki tire. Kuma gaskiya kek ɗin yana da daɗi, har ya fi na da. Direbobi suna ci suna cewa kayan Turawa daban ne, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ana haka Alhaji Sambo, wani dillalin albasa na Aliero, ya gama ginin masaukin baƙi a hanyar Birnin Kebbi, don sabuwar jiha ta jawo 'yan kwangila da ma'aikata masu neman wurin kwana. Yana neman wanda zai riƙe masa kicin. Aka ce ga Barau, shekara tara gidan Bature. Alhaji ya aiko cewa ran kasuwa zai tsaya ya ɗanɗana da bakinsa, in abin ya yi, aiki na Barau ne.

Wannan ita ce motar da Barau ya shekara biyu yana jira. Ya kai hularsa wurin mai guga. Ya fara gaya wa masu benci su nemi wani wurin zama tun da wuri.

Lokacin cirar albasa ne. Shanun su Hindu sun koma kiwo a fadamar da aka gama cira, suna kalar lawashi da ruɓaɓɓar albasar da aka zubar. Duk matar da ta taɓa sayen madara a ƙasarmu ta san abin da wannan ke yi wa madara. Ana jibi Alhaji zai zo, ina wanke rigata a gindin bango na ji Luba tana cewa, "Malam, madarar ga ta ɗauki albasa. Bari in jiƙa waken suya in tatsa, ko in yi da gyaɗa. Cikin kek ba mai ganewa."

"Alhaji guda za ki ba abincin kaji?"

"To ka sayo gwangwani ɗaya na gaske, na rana ɗaya dai."

"Wanda muka yi ya hi na gaske. Ni ban ji wata albasa ba."

Ba zai ji ba. Mutumin da ke shaƙar garin taba tun asuba, ko akuya ta mutu a aljihunsa sai an gaya masa.

Ran kasuwa bayan azahar Alhaji Sambo ya iso, ya zauna a kan bencin da aka shimfiɗa wa darduma. Mu aka kora gefe, muka tsaya inda za mu ji. Barau ya jera kek shida a faranti, ya haɗa shayi, ya tsiyaya madara daga sama har ta yi kumfa. Alhaji ya yi bisimilla ya gutsiri kek. Ya tauna a hankali. Ya kurɓi shayi, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Mutum ne da ke shinshinar buhu a ɗaure ya gaya maka kwana nawa ya rage albasar ciki ta lalace.

"Malam Barau, kek ya yi laushi, ba laihi. Wagga madara ta wane ruga ce?"

"Ruga, Alhaji? Ta gwangwani ce. Holan."

Alhaji ya yi murmushi, ba na mugunta ba. "Ka ji, ni ba ƙi nika yi ba. In ka iya maida madarar shanu haka, ai kai nika nema, don gwangwani ba ya riƙe kicin a wanga zamani. Lokacin ne kawai ba ka lura da shi ba. Hwaɗa min gaskiya, wa ka kawo maka ita?"

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Kalma ɗaya zai ce, Hindu, ya kwashi hularsa ya shiga mota. Barau ya dubi Alhaji, ya dube mu, mu da ya shekara biyu yana gaya wa madarar Fulani ƙazanta ce. Sai ya gyara hula.

"Alhaji, ni ban taɓa sa madarar ƙwarya a bakin mutum ba."

"To albasar da nij ji fa?"

"Ai Holan ma suna noman albasa. Shanunsu na ci."

Har mai faci sai da ya bar buga tayarsa ya juyo. Ni dai bakina bai iya zama ba, na ce, "Gaskiya ne Alhaji, da sabulu ma aka wanke musu ita."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu kan jerin gwangwanayen nan masu hawa biyar, ya ce bari a huda sabo a ji ko duk shanun Holan ɗin gona ɗaya suke kiwo. Kafin Barau ya tare, ya zaro na ƙasa. Jerin ya rushe gaba ɗaya, ba nauyi, ba ƙarar kirki, sai kwaram kwaram kamar yara sun ja motar langa-langa. Kowane gwangwani an huda shi ta gindi an shanye tun bara. Ɗaya ya gangara har ƙarƙashin motar Maiyama.

Alhaji ya aje na hannunsa, ya goge yatsunsa. "Wa ka gasa kek ɗin?"

Wani direba ya riga Barau, ya ce ai matarsa Luba ce, ashe ba ni kaɗai ke da kunne ba.

Kicin ɗin masauki wani mutumin Yawuri aka ba. Kek ɗin masaukin kuwa daga gidan Barau ake ɗauka har yau, amma in an zo sallama Luba ake tambaya. Da damina tana yi da madarar Hindu, in albasa ta shigo ta koma waken suya, ba baƙon da ya taɓa dawo da faranti.

Shi yana nan a tasha da hularsa. Ya tsince gwangwanayensa ya sake jera su, hawa huɗu yanzu, don wasu sun lotse. Sunan ne dai ya canja, ko 'yan kamasho Barau Albasa suke ce masa. Jiya ma na zauna na ce a ba ni shayi, ya ɗauko gwangwanin nan mai tsatsa ya ɗaga sama.

Na ce, "Baba, ta wace gona ce yau?"

Ya ce, "Tashi min bisa benci." Ya tsiyaya.